KWANA NAWA, KIFI NAWA?

Dukiya iri biyu ce a duniya. Akwai wadda ta ke da mai ita, kamar gona da akuya da riga. In wani ya taɓa, sai a kai shi gaban alƙali. Akwai kuma wadda ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya yi kiwonta, kamar naman daji da itacen kurmi da kifin ruwa. Wannan ta biyu ita ce mai wuyar sha'ani, gama kowa yana ganin yana da hakki a cikinta, amma ba kowa ke ganin tana da hakki a kansa ba. Tambayar da za mu duba a nan ita ce: in abu na kowa ne, kuma bai isa kowa ya ɗiba son ransa ba, ta wace hanya za a iyakance mutane ba tare da an zalunce su ba? Za mu ɗauko misali daga ƙasa mai nisa, inda mutane suka yi fiye da shekara 100 suna fama da wannan tambaya a kan kifi iri guda, suna kuwa rubuta abin da suka yi da abin da ya biyo baya.

Kifin Da A Ke Magana A Kai

Sunan kifin halibat. Mazauninsa arewacin Tekun Pasifik, inda ruwa ya ke da sanyi ƙwarai, tun daga gaɓar Kalifoniya ta Amurka, a bi ta gaɓar Kanada, har Alaska da gaba. Halittarsa abin mamaki ce. Faffaɗa ne kamar faifai, sai dai yana da tsawo, kuma a kan gefe guda ya ke kwanciya can ƙasan teku. Gefen da ke sama duhu-duhu ne kamar laka, na ƙasa kuwa fari fat. Sa'ad da aka ƙyanƙyashe shi idonsa ɗaya na dama, ɗaya na hagu, kamar sauran kifi. In ya yi kamar wata 6 sai idon hagu ya taso sannu a hankali, ya ƙetaro ya zauna kusa da na dama, daga nan sai kifin ya kwanta da idanunsa biyu suna duban sama.

Babbansa ya kan fi mutum tsawo. Cikin 1996 wani mai fatsa ya kama guda a Alaska mai nauyin laba 459, watau ya ɗara manyan buhunan gero biyu. Namansa fari ne, mai daɗi, ba shi da yawan ƙaya, don haka ya ke da tsada a kasuwa.

Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, wannan kifi ba ya girma da sauri. Namiji sai ya yi kamar shekara 8 kafin ya balaga, mace kuwa sai ta kai wajen 12 kafin ta fara zuba ƙwai. Akwai wani ɗan ƙashi cikin kunnensa mai zobe-zobe, ko wace shekara zobe guda, da shi masana su ke ƙidaya shekarunsa. Sun sami wanda ya shekara 55. Manyan nan da a ke alfahari da kamawa kusan dukansu mata ne, kuma gwargwadon girman uwa gwargwadon yawan ƙwanta, har babba ta kan zuba miliyoyi. Da sanyi su kan tafi ruwa mai zurfi su zuba ƙwai, da zafi su matso kusa da gaɓa neman abinci. Ka ga ke nan, abin da mutum zai kashe cikin rabin sa'a, teku ta yi shekara da shekaru tana rainonsa.

Yadda Aka Fara Awo

Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun asali na wannan gaɓa, kamar su Maka da Haida da Tilingit, da wannan kifi su ke rayuwa. Haida da Tilingit suna da wata ƙugiya ta itace, wadda a ke auna buɗin bakinta yadda ƙaramin kifi ba ya iya haɗiyarta, ƙato kuwa, wanda zai iya kifar da kwale-kwale, ba ta faye riƙe shi ba. Matsakaici ta ke kamawa. Watau iyakarsu cikin kayan aikinsu ta ke.

Cikin 1888 aka fara kama shi don ciniki mai nisa, gama jirgin ƙasa ya iso gaɓar yamma, an kuma sami ƙanƙara ta adana kifi har ya kai biranen gabas bai ruɓe ba. Jirage suka yi yawa, suna shimfiɗa dogayen igiyoyi masu ɗaruruwan ƙugiyoyi, kamar mamari. Kafin a shekara 30 wuraren da ke kusa sun ƙare, sai an yi tafiya mai nisa a ke samun abin kirki. Masunta da kansu suka kai kuka. Ran 2 ga watan Maris, 1923, Amurka da Kanada suka sa hannu kan yarjejeniya ta tsare wannan kifi, ita ce kuwa ta farko da Kanada ta sa wa hannu ita kaɗai ba tare da Ingila ba. Dokar farko da suka yi, a hana kamu wata 3 na lokacin sanyi, sa'ad da kifi ke zuba ƙwai. Suka kuma kafa hukuma ta tarayya, wadda ofishinta ke Siyatil. Daga baya aka ba ta ikon yanka adadin da za a kama, kifi kuwa ya farfaɗo.

Har yanzu hukumar nan tana aiki, ko wace ƙasa da wakilai 3. Ko wace shekara a kan aika jirage su jefa ƙugiyoyi a wurare ayyanannu don a kimanta yawan kifin da ke ruwa, sa'an nan a taru a farkon shekara a yanka ko laba nawa za a ɗiba daga ko wane yanki. Wannan adadi shi ne mudun. Rigima duka a kan yadda za a raba abin da ke cikin mudun ta ke.

Masu Zama Gaban Akushi

Hannuwan da ke miƙowa suna da yawa. Akwai ƙabilun asali, waɗanda kakanninsu suka ba da ƙasa bisa alkawarin ba za a hana su su ba. Maka sun yi nasu alkawari da Gwamnatin Amurka cikin 1855. A yankin da ya haɗa jihohin Washinton da Oregon da Kalifoniya, ƙabilu masu irin wannan alkawari su ke da kashi 35 cikin 100. Akwai mutanen ƙauyukan Alaska masu kamawa don tukunyar gida. Akwai masuntan sana'a masu kai wa kasuwa. Akwai manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku, waɗanda wani kifi dabam su ke nema, amma halibat ya kan faɗa musu. Doka ta ce su mayar da shi ruwa, da yawa kuwa kafin a mayar sun mutu. Sa'an nan ga waɗanda maganarmu ta fi shafa, watau masu fatsa don nishaɗi: ma'aikacin ofis, da makaniki, da tsohon soja, wanda in ya sami hutu ya kan ɗauki ɗansa su shiga ɗan jirginsu, ko su biya mai jirgin haya ya kai su inda kifi ya ke. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

To, wani zai ce, ina ruwan mai wasa da akushin masu yunwa? Wanda ya fito shaƙatawa ai sai ya jira a ƙoshi tukuna. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ma a ƙasashen nan hakkin ƙabilun asali da na masu ci da iyali a ke fara cirewa. Amma a dubi ɗaya gefen. Kifin da mai fatsa ya kama gida ya ke kai shi, iyalinsa su ci. Kuɗin da ya kashe wajen haya da masauki da man jirgi, da su garuruwa irin su Homa ta Alaska su ke rayuwa. Shi ma masuncin sana'a, yawancin kifinsa a teburin mawadata ya ke ƙarewa. Kuma in aka ce teku ta masu jari ce kaɗai, talaka sai dai ya saya a kanti, an raba jama'a da abin da tun asali nasu ne. Nishaɗi na halal ba abin raini ba ne. Mai fatsa yana da hakki.

Sai dai shi ma akwai maganar da ya kan yi wadda ba ta tsayuwa. Ya kan ce, "Ni fa ɗaya tak na kama, me ɗaya zai rage wa teku?" Gaskiya ne ɗaya ba ya rage teku, amma ba shi kaɗai ke faɗin haka ba; dubbai ne, kowa da ɗayansa. Uwar kifin da ta mutu a ƙugiyar nishaɗi ta daina ƙwai daidai da wadda ta mutu a ƙugiyar kasuwa. Saboda haka wanda ya karɓi hakki tilas ya karɓi mudu. A Biritish Kolombiya ta Kanada, cikin 2003 aka yanka wa masu fatsa kashi 12 cikin 100 na abin da su ke rabawa da masuntan sana'a, cikin 2012 aka ƙara ya zama 15. Suka ce ya yi kaɗan, 'yan sana'a suka ce an ɗebe daga bakinsu. Haka rabo ya ke, ba a taɓa yin wanda kowa ya tashi yana murna ba.

Hanya Ta Farko: A Rage Kwanaki

In an san rabon masu fatsa, saura yadda za a hana su wuce shi. Bari mu yi lissafi na misali, ba na wani wuri ayyananne ba. A ce rabon wani yanki laba 100,000 ne, ko wane kifi kuwa laba 20. Kifi 5,000 ke nan. In ko wace rana mutum 100 ke dawowa da kifi ɗai-ɗai, rabon zai kai kwana 50. In mutum 1,000 ne, kwana 5 ya ƙare. Ka ga kwanaki ba kyauta ce da hukuma ke bayarwa ko ta hana don son rai ba. Ɗiyan lissafi ne: a raba mudu da yawan hannuwa, abin da ya fito shi ne tsawon lokacin su.

Hanyar da ta fi sauƙi ga hukuma ita ce ta buɗe ruwa ran kaza, ta sa ma'aikata a bakin gaɓa suna ƙidaya abin da a ke saukewa, in mudu ya cika ta rufe. Haka a ke yi a jihar Washinton, inda a wasu shekaru tsakanin 2010 da 2020 kwanakin fatsa na wasu yankuna ba su cika yatsun hannu biyu ba. A Biritish Kolombiya ma cikin 2011 an rufe tun farkon watan Satumba, alhali mutane sun saba kaiwa ƙarshen shekara. Bisa fuska wannan adalci ne, gama rana ɗaya aka buɗe wa kowa, rana ɗaya aka rufe wa kowa.

Amma mu duba abin da gajeren lokaci ke yi wa zuciyar mutum. In an ce masa yana da wata 6, sai ya jira ranar da teku ta kwanta, ya fita sau biyu ko uku, ya gamsu. In an ce kwana 4 ne, ba zai bar ko ɗaya ta wuce shi ba, shi da duk wanda ya sani. Wanda da ba zai fita ba ma sai ya fita, don kada a yi ban da shi. Hannuwa su ƙaru, mudu ya cika da wuri, baɗi a ƙara rage kwanaki, mutane su ƙara rububi. Maganin ya koma yana ciyar da cutar. Sauri ya haifi nawa.

Mun san rufe ruwa a ƙasarmu. A Argungu a kan tsare Matan Fada, ba mai jefa homa sai ranar da aka ba da izini, sa'an nan dubban masunta su auka da gora da homa, cikin kamar sa'a guda a gama. Amma wannan biki ne, a kogi, da rana tsaka, ga jama'a a bakin gaɓa. Tekun arewa dabam ta ke. Ranar da hukuma ta rubuta a takarda tun watanni da suka wuce, iska ba ta san da ita ba. In ranar ta zo da hadari, mai babban jirgi ya fita lafiya, mai ƙarami kuwa ko dai ya haƙura da rabonsa na shekara, ko ya sayar da ransa. Wanda maigidansa bai ba shi hutu ran nan ba, shi ma ya tashi a tutar babu. Ashe dokar da ta yi kama da daidai ga kowa, mai ƙarfi ta fi yi wa daɗi.

Masuntan sana'a na Alaska sun riga sun sha wannan ɗaci har ƙarshensa. Jirage suka yi ta ƙaruwa, kwanaki suna raguwa, har a farkon shekarun 1990 lokacin kamu a manyan yankuna ya koma kwana 2 ko 3 a shekara, a buɗe sa'a 24 a rufe. Dubban jirage su kan fita tare, ko da hadari ko babu, ba barci. Aka yi hasarar jirage da rayuka. Igiyoyi su kan sarƙe a yanke a bar su a ruwa suna ta kashe kifi a banza. Kifin shekara guda ya sauka gaɓa rana ɗaya, kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi. Kanada ta sake hanya cikin 1991, Alaska cikin 1995: aka ba ko wane mai jirgi rabonsa na kansa, ya kama sa'ad da ya ga dama. Nan da nan lokacin kamu ya koma wajen wata 8. Wannan gyara ma da tabonsa, gama masu jirage aka ba rabon, yaran jirgi da suka sha sanyi tare da su ba su sami kome ba, kuma da ya ke rabon abin sayarwa ne, da yawa ya fita daga ƙananan ƙauyuka ya koma hannun masu kuɗi. Amma darasin ya fito sarai: haɗamar nan ba duka daga halin mutanen ta fito ba, tsarin dokar ne ya hura ta.

Hanya Ta Biyu: A Rage Hannu

Ɗaya hanyar ita ce a bar ƙofa buɗe, a ƙanƙanta ludayi. A Alaska lokacin fatsa ya kan kama daga 1 ga Fabrairu har 31 ga Disamba, amma an ƙayyade abin da mutum zai riƙe. Mai fita da jirgin kansa, kifi 2 a rana. A kudu maso gabashin Alaska, cikin 2009, aka mai da na fasinjan jirgin haya kifi 1. Cikin 2012 aka ce wanda zai riƙe sai wanda bai wuce inci 45 ba, ko kuwa wanda ya kai inci 68; na tsakani a sake shi. A wani yankin kuma an yi shekarun da aka hana jiragen haya kamun halibat ran Laraba. Biritish Kolombiya, bayan ta ɗanɗana rufewar wuri, cikin 2013 ta sa iyakar tsawon kifi, ta kuma ce kada mutum ya wuce 6 a shekara. Washinton cikin 2018 ta ce 4 a shekara. Hikimar duka guda ce da ta ƙugiyar itacen nan ta mutanen da: kowa ya ɗauki kaɗan, domin ƙofa ta daɗe a buɗe.

A ganina wannan hanya ta fi kusa da adalci, domin tana barin mutum ya zaɓi ranarsa, ba ta sa shi ya zaɓa tsakanin rabonsa da ransa. Tana kuma koya masa ya ce, "Ya isa," da bakinsa, maimakon a rufe masa ƙofa yana turawa. Amma kada a ɗauka ba ta da aibi. Na farko, in an ce kifi ɗaya za ka riƙe, sai wani ya yi ta kamawa yana saki, yana neman wanda ya fi girma. Cikin waɗanda aka saki kuwa akwai masu mutuwa daga raunin ƙugiya, ba wanda ya ci, ba wanda ya gani. Na biyu, mutum biyu suna fatsa a ruwa guda, mai jirgin kansa ya riƙe biyu ko wane girma, wanda ba shi da jirgi sai haya ya riƙe ɗaya, shi ma sai an auna. Masu jiragen haya sun daɗe suna kuka da wannan, kukansu kuwa abin saurare ne. Na uku, shi ne mafi girma: rufe ruwa abu ne da ido ke gani, jirgin da ya fita ranar hani kowa ya gan shi; amma kifi nawa mutum ya kama cikin shekara, wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne.

Gaskiya Ce Ke Sayen Kwanaki

Nan ne maganar ta bar teku ta dawo kan hali. Masuncin sana'a a ma'auni ya ke sauke kifinsa, a rubuta. Mai jirgin haya yana da littafin da doka ta tilasta masa cikawa. Amma mai fatsa na kansa yana iya sauka inda ba ma'aikaci. A Washinton a kan ba shi kati ya rubuta ko wane halibat da ya riƙe, ya mayar wa hukuma; a wasu wurare tambayar mutane a ke yi, a kimanta sauran. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin lissafi ya san jimla ba ta fi gaskiyar abin da aka shigar ba.

To, in hukuma ba ta amince da ƙidayar ba, me za ta yi? Tilas ta bar rata don tsoron wuce mudu, ta rufe da wuri, ta koma ga hanyar farko mai sauƙin tsaro. Watau wanda ya ɓoye kifi ɗaya yana tsammanin hukuma ya cuta, alhali kuwa maƙwabcinsa ya sace wa rana. In kuwa ɓoyon ya yi yawa har aka ɗibi fiye da abin da teku ke iya mayarwa, mudun baɗi ne zai ƙanƙance, a kan mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya. Dogon lokacin su ba a samunsa da yawan kuka a wurin taro. Jama'ar da ta iya tsare kanta inda ba ɗan doka, ita a ke iya sakar wa ƙofa. Gwargwadon amanar mutane, gwargwadon 'yancinsu.

Amma amana igiya ce mai baki biyu, hukuma ma tana da nata bakin da za ta riƙe. Wajibi ne ta bayyana lissafinta a fili, kowa ya ga yadda aka kai ga adadin. Wajibi ne ta saurari mutanen ruwa, gama in kifi ya fito ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Wajibi ne ta faɗi iyakar saninta, domin kifin da ke ƙasan teku kimanta shi a ke yi, ba a ƙirga shi kamar shanu a garke. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010 halibat ya ragu ƙwarai, har ma aka ga ya daina girma kamar da, kifi mai shekara kaza ba ya kai nauyin irinsa na zamanin baya. Wannan kuwa ba abin da za a ɗora wa mai fatsa shi kaɗai ba ne. Wajibi mafi nauyi kuma, iyaka ta hau kan babba kamar yadda ta hau kan ƙarami. Yana da wuya ka ce wa mutum ya saki kifinsa don ya ɗara da inci biyu, alhali yana ganin manyan jirage suna zubar da matattu tuli. Mutanen Alaska sun yi shekaru suna wannan magana. Cikin 2015 aka rage abin da aka yarda jiragen taru su kashe a Tekun Berin, cikin 2021 kuma majalisar da ke kula da su a can ta yarda iyakar wasu manyan jiragen ta riƙa hawa da sauka bisa yawan kifin da ke ruwa. Dokar da ta tsallake mai ƙarfi ita ke koya wa mara ƙarfi ƙarya.

Wanda Ba Ya Wurin Rabo

Saura mai hakki guda wanda ba mu ambata ba. In an taru a farkon shekara, ɗan sana'a yana nan da wakilinsa, mai jirgin haya yana nan, ƙabilu suna nan, kowa yana ja wajensa. Yaron da za a haifa baɗi ba ya nan, ba shi da mai magana, alhali kuwa kifin da zai kama ranar da ya isa riƙe fatsa, ƙwansa yana cikin uwar da a ke gardama a kanta yau. Abin da aka bari a ruwa ba hasara ba ne, rabonsa ne. Mutanen 1923 da suka haƙura da wata 3 ba su san masu fatsa na yau ba, amma daga haƙurinsu waɗannan su ke ci.

Saboda haka, in aka tambaye mu wace iyaka ce ta adalci a kan dukiyar kowa, sai mu ce: wadda aka auna ta bisa abin da dukiyar ke iya mayarwa; wadda ta hau kan kowa; wadda kuma ba ta tura mutum ga rububi da halaka. Irin wannan iyaka ta fi daɗin zama, amma tana da tsada, kuɗinta kuwa gaskiya. Mai fatsa da ya ɗago kifi shi kaɗai a tsakiyar teku, ba mai ganinsa cikin mutane, ya auna ya ga ya wuce ƙa'ida, ya zare ƙugiya a hankali ya sake shi, ko ya riƙe na halal ya rubuta a katinsa, shi ne ke ƙara wa 'yan'uwansa kwanaki. Kowa ya san wata dukiya irin wannan kusa da shi, ko tafki, ko kurmi, ko burtali, ko rijiyar unguwa. Sai ya tambayi kansa yadda hannunsa ya ke in ba a kallo. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.